Garau a Zaure, Ruɗe a Cikin Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zama da Abokin Aure Mai Ciwon Mantuwa

A gidaje da dama na Zariya, daga cikin birni zuwa Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, akwai matan da ke kwana da damuwar da ba su da wanda za su faɗa wa. Maigida ya fara mantuwar da ta wuce misali: yana tambayar abu ɗaya sau goma kafin azahar, yana cewa ba a ba shi abinci ba alhali ko kwanon ba a ɗauke ba, yana tashi da tsakar dare ya ce zai tafi ofishin da ya bari shekara goma sha biyar da suka wuce. Amma da zarar an yi sallama a ƙofar gida, sai ya gyara zaman hula, ya fita zaure, ya gaisa da baƙi cikin natsuwa har da barkwanci, su tashi suna cewa ai Malam yana nan garau. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu irin wannan zama suka fi yi. An rubuta yawancinsu da bakin mace, domin ita ce ta fi ɗaukar nauyin jinya a gidajenmu, amma amsoshin sun shafi namijin da matarsa ce ke fama da ciwon.

Wane irin ciwo ne wannan? Ba tsufa ba ne kawai?

Hausawa sun daɗe da saninsa da sunan gigin tsufa ko rikicin tsufa, likitoci kuma suna kiransa dimenshiya. Ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har ya taɓa tunawa da magana da lissafi da hali. Tsoho mai lafiya yakan manta inda ya ajiye carbinsa, sannan ya tuna bayan ɗan lokaci. Mai wannan ciwo kuwa yana iya tsayawa a kan hanyar masallacin da ya yi shekara arba'in yana zuwa, ya rasa inda zai karya kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 55 ne ke ɗauke da shi, ana samun sababbi kusan miliyan 10 a kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici ne, ba ƙasashen Turawa ba kamar yadda ake zato. Ciwon yana da nau'o'i, kuma wanda ake kira cutar Alzheimer shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Wani nau'in kuma daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa yake tasowa, kuma shi ne wanda ke bin bayan hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda duk mun san yadda suka yi yawa a tsakaninmu.

To me ya sa a gaban baƙi ba a ganin komai?

Ciwon yana fara cinye sabon abu ne, ya bar tsohon da ya zama jiki zuwa ƙarshe. Babu kuwa abin da ya zama wa Bahaushe jiki kamar gaisuwa. Tun yana ƙarami ya haddace ta a jere: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ya iyali, lafiya ƙalau, ya aiki, da godiya, ya jin sanyin nan, lokacinsa ne. Mutum yana iya yin minti biyar a cikin wannan jerin ba tare da ya buƙaci tuna ranar da ake ciki ba, ko ma sanin wanda ke durƙushe a gabansa.

Ladabinmu da kansa yana taya ciwon ɓuya. Ba mu cika kama sunan mutane ba. Kowa Malam ne ko Alhaji ko Hajiya, yaro kuma ɗana ne ko jikana, saboda haka wanda ya manta suna ba ya tonuwa. Baƙo ba ya titsiye dattijo da tambaya, kuma idan dattijon ya faɗi abin da ba daidai ba, ba a gyara masa, sai a ce haka ne, Baba. Hirar da ake yi da shi ma ta zamanin da ce. Yana iya ba da labarin naɗin Sarkin Zazzau Shehu Idris a 1975 daki-daki, ko yadda tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari take cika a lokacin cinikin auduga, baƙi su yi ta mamakin kaifin tunaninsa, alhali da za a tambaye shi abin da ya karya kumallo da shi, sai ya yi shiru. Inda ya maƙale kuma akwai kalmomin cike gurbi da ba sa kuskure: ikon Allah, sai haƙuri, Allah dai ya kyauta. Wani lokaci ya waiwayi ɗansa ya ce kai faɗa musu, a ɗauka girma ne.

Sai kuma gajertar ziyara. Maimaita tambaya da maimaita labari ba sa bayyana a minti ashirin. Sai an yi awa biyu ko uku tare. Baƙo ya ga zaure ne, ke kuwa kin ga ɗaki da banɗaki da tsakar dare.

Ke nan da gangan yake yi mini? Tunda yana iya kame kansa a gaban wasu, me ya hana ya kame a gabana?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin rai, kuma amsarta a'a ce. Ki tuna yadda mai zazzaɓi yake yunƙurawa ya zauna idan masu dubiya sun shigo, ya ce da sauƙi, sannan ya sulale da zarar sun fita. Ganin baƙo yana farkar da ƙwaƙwalwa, ya tattaro duk ƙarfin da ya rage domin tsare mutuncin da mutum ya yi shekaru yana ginawa, amma ƙarfin na ɗan lokaci ne, ba ya kai wuni. Bayan haka, da yawa daga masu ciwon ba su san suna da shi ba, domin lalacewar ta taɓa sashen ƙwaƙwalwar da mutum yake duba kansa da shi. Idan ya ce lafiyarsa ƙalau, abin da yake gani ke nan, ba taurin kai ba ne. Akan ce wa mata, ai saboda ya amince da ke ne yake sauke kayansa a gabanki. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta rage nauyin kayan, kuma bai kamata a yi amfani da ita a rufe miki baki ba.

Na lura ya fi rikicewa bayan baƙi sun tafi, musamman dab da magariba. Akwai dalili?

Akwai. Ƙoƙarin da ya yi a zaure yana gajiyar da shi, gajiyar kuma takan fito a matsayin faɗa ko kai-komo ko neman fita. Rikicewa daga la'asar sakaliya zuwa dare sananniyar alama ce ta wannan ciwo a duk duniya, saboda gajiyar wuni da raguwar haske da lalacewar tsarin barci. Da yake mutanenmu suna danganta almuru da iskoki, nan da nan ake cewa aljanu ne, a bar asibiti gefe. Abin da ke taimakawa shi ne a nemi masu ziyara su zo da hantsi, ɗaya ko biyu a lokaci guda, kada su daɗe. A kunna fitila tun kafin duhu ya shigo. A rage kai shi taron suna da ɗaurin aure mai cunkoso, ko a dawo da shi da wuri.

Amma idan rikicewar ta tsananta farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ya koma yawan barci ba ya gane kowa, wannan ba tafiyar ciwon ba ce ta yau da kullum. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko sukari ya hau ko ya faɗi, ko wani sabon magani. A kai shi asibiti a ranar.

Danginsa da 'ya'yansa ba su yarda da ni ba. Wasu ma sun fara cewa ni na yi masa wani abu. Yaya zan yi?

Da farko ki sani cewa ba lallai mugunta ce ta sa su ba. Ɗan da ke Abuja ko Kaduna yana kiran waya na minti biyar, ya ji muryar mahaifinsa da ƙarfi yana sa masa albarka, me zai sa ya yarda cewa akwai matsala? Waya ta fi komai ɓoye wannan ciwo. Ga kuma tsoro, domin yarda da maganarki yarda ce da cewa uban da suka sani ya fara tafiya tun yana raye. Wannan ba ya wanke masu zargin sammu ko kwaɗayin dukiya, amma yana nuna cewa jayayya da baki ba za ta kai ki ko'ina ba.

Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru da ranarsa da lokacinsa, da boko ko da ajami, ba tare da ƙorafi ba: ran Talata bayan isha'i ya nemi mahaifiyarsa wadda ta rasu, ran Alhamis ya sha maganin hawan jini sau biyu, ran Juma'a yaran unguwa suka rako shi daga Ƙofar Doka. Bayan wata guda za ki ga abin da ke hannunki ya fi ƙarfin a ce miki kin cika mita. Sannan ki zaɓi mutum ɗaya da ake jin maganarsa a dangi, babban wansa ko ƙanwarsa ko babban ɗansa, ki roƙe shi ya kwana biyu ko uku a gidan, ba ziyara ba, kwana. Ya raka shi banki, ya bar shi ya ƙirga canji a shago, ya ji abin da ke faruwa da ƙarfe biyu na dare. Da wuya wanda ya yi haka ya tafi da shakka. Idan lokacin ganin likita ya zo, ki tafi da shi ya ji da kunnensa.

Abin da ba shi da kyau shi ne jarraba maigida a gaban jama'a domin ki tabbatar da gaskiyarki, irin a ce to faɗi sunan wannan, ko yau wace rana ce. Idan ya amsa daidai kin zama maƙaryaciya, idan ya kasa kin zama wadda ta kunyata mijinta.

Shin faɗa wa wasu halin da yake ciki ba tonon asirin miji ba ne?

An tarbiyyantar da mace a kan rufa wa mijinta asiri, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma ciwo ba abin kunya ba ne da za a rufe har ya yi ɓarna. Malamai sun bayyana cewa ambaton halin mutum domin neman fatawa ko taimako ba ya cikin giba, kuma suna kafa hujja da Hindu bint Utba, wadda ta kai ƙarar maƙon mijinta Abu Sufyan wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kuma tsawata mata ba. Abin lura shi ne wa za a faɗa wa. Likita da manyan 'ya'ya da limamin unguwa da maƙwabcin da ke kusa da mai shagon da yake yawan zuwa, waɗannan sanin da suka yi kariya ce gare shi. Taron biki da dandalin WhatsApp na dangi ba wurin maganar ba ne. Haka nan ɗaukar hotonsa na bidiyo lokacin da ya rikice: idan likita ya buƙata, a nuna masa shi kaɗai, a goge, kada a tura wa kowa.

Na kai shi asibiti, ya amsa duk tambayoyin likita daidai, aka ce ba komai. Me ya rage?

Likita ma baƙo ne, kuma baƙo mai kwarjini, saboda haka a gabansa ne maigida zai fi tattaro ƙarfinsa. Gwaje-gwajen tunani da aka fi amfani da su gajeru ne, masu maki 30, ana gama su cikin mintuna kaɗan. Wanda ya yi zurfin karatu, kamar tsohon malamin jami'a ko tsohon akawu, yana iya cin maki mai yawa alhali ciwon ya riga ya fara. Wanda kuma bai yi boko ba yana iya faɗuwa alhali lafiyarsa lau, domin tambayoyin ba da irin iliminsa aka tsara su ba. Masana sun san wannan giɓi. A babban binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar wani birni a Amurka, gwajin da aka yi amfani da shi yana da ɓangare na musamman da ake tambayar wanda ke zaune tare da tsohon. Wato bayaninki wani yanki ne na binciken kansa, ba gulma ba ce.

Domin haka ki rubuta muhimman abubuwa a takarda ɗaya, ki miƙa wa likita ko nas kafin a shiga, ko ki nemi a ba ki minti biyar ke kaɗai. Kada ki ƙaryata maigida a gabansa, domin zai fusata, kuma ke za ki koma gida da fushin. Ki faɗi lokacin da abin ya fara da abin da yake iya yi a da wanda yanzu ba ya iyawa, domin canji likita yake nema. Ki zuba duk magungunan da yake sha a leda ki tafi da su, har da na gargajiya da na kemis. Ki nemi a yi gwajin jini da sauran bincike, saboda ƙarancin sinadarin bitamin B12, da matsalar ƙwayar wuya mai haddasa maƙoƙo, da ciwon damuwa, da raunin ji, duk suna iya kama da wannan ciwo, kuma su ana magance su. Idan an sallame ku amma alamun sun ci gaba, ki koma bayan wata uku zuwa shida da littafinki.

Ina ya kamata a nufa a nan Zariya, kuma akwai magani?

Ana iya farawa daga likitan da ya saba duba shi, ya tura ku gaba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Dattawa da yawa suna ƙin zuwa da zarar sun ji sunan sashen. Ana iya ce masa za a je duba hawan jini da yanayin barci, wanda kuwa za a duba ɗin.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer. Akwai irin su donepezil da memantine waɗanda ke rage alamun ga wasu na ɗan lokaci, kuma likita ne kaɗai zai rubuta su. Kula da hawan jini da sukari yana rage saurin nau'in da ke tasowa daga jijiyoyin jini. A guji sayen maganin barci ko na kwantar da hankali a kemis, domin akwai nau'in ciwon, wanda mai shi yake ganin mutanen da babu su kuma hankalinsa yake zuwa yana komawa a wuni ɗaya, da irin waɗannan magunguna ke yi wa mummunar illa. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa karo da asibiti, sau da yawa ma suna sanyaya masa rai. Duka da ɗauri da turnuƙe shi da hayaƙi kuwa cutarwa ce, wanda duk ya yi alkawarin warkarwa a kan kuɗi kuma a yi hattara da shi.

Yana zargina da sata, wani lokaci da abin da ya fi sata muni, har ya taɓa furta saki. Ina matsayina?

Wanda ya ajiye kuɗi ya manta ya ajiye, abin da ƙwaƙwalwarsa za ta gaya masa shi ne an ɗauke, kuma wanda ya fi kusa shi ake zargi. Matar da likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyana ciwon a kanta, wadda aka kwantar a 1901 tana da shekara 51, cikin alamunta na farko akwai tsananin zargin mijinta. Rantsuwa da kawo hujja ba sa aiki. Gara ki ce bari mu duba tare, ki kuma gano maɓoyarsa, domin yawanci wuri biyu ne ko uku, ƙarƙashin katifa ko aljihun babbar riga ko cikin littattafai.

Game da saki, sananne ne a fiƙihu cewa sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa, amma tantance ko ya gushe a lokacin furucin ba aikinki ba ne ke kaɗai. A kai maganar ga malami masani ko alƙali, tare da takardar likita. Idan ya fara kai hannu, ki kauce, ki ɓoye wuƙaƙe da makamantansu, ki sanar da 'ya'ya da likita ba tare da jinkiri ba.

Mu biyu ne a wurinsa, abokiyar zamana kuma ta ce ita ba ta ganin komai.

Mai yiwuwa tana gani tana tsoron faɗa, kada a ce ita ce ta fara kai miji gaba. Mai yiwuwa kuma a gida daban take, yana zuwar mata kamar baƙo. Littafi ɗaya ya kamata ku riƙe, musamman na magani, domin a canjin girki ne ake shan magani sau biyu ko a tsallake shi. Canza ɗaki kowane kwana biyu yana ƙara masa ruɗewa. Idan ya zauna a turakarsa, mai girki ta same shi a can, ya fi.

Idan uwargida ce ke da ciwon fa?

Nata ya fi ɓuya, domin 'ya'ya mata da matan 'ya'ya sukan karɓe girki da cefane ba tare da kowa ya ce uffan ba, a ce Hajiya ta huta. Maigida yakan fara lura ne da gishiri sau biyu a miya, ko tukunya a kan wuta an manta da ita, ko rikicin kuɗin adashi. Namiji yakan ji nauyin faɗa wa surukansa, amma 'yan'uwanta mata su ne za su taimaka da wanka da sutura idan ciwon ya yi nisa, saboda haka gara su sani da wuri.

Kuɗi da mota fa, tunda a waje kowa yana ɗaukarsa mai cikakken hankali?

A nan ne ɓuyar ciwon ta fi haɗari. Wanda ya gaisa da kyau yana iya sa hannu a takardar sayar da gona ko fili, shaidu su rantse cewa lafiyarsa ƙalau. Yana iya karanta wa ɗan damfara lambobin katinsa a waya. Tun yana da sauran fahimta ya kamata a zauna da shi da manyan 'ya'yansa, a amince da wanda zai kula da fansho da katin banki da takardun gida, a rubuta a gaban shaidu, a kuma nemi shawarar lauya. Kada ki riƙe wannan ke kaɗai, ko da ke ce kika fi kowa amana, domin a nan zargi yake samun gindin zama. A bar masa ɗan kuɗi a aljihu na sadaka da goro. Tuƙi kuwa, wanda ya taɓa ɓata a hanyar da ya sani bai kamata ya sake shiga cunkoson Kwangila ko ya hau titin Kaduna ba. Maganar ta fi karɓuwa daga bakin likita ko babban wa. A sanya masa takarda mai sunan unguwa da lambar wayar ɗansa a aljihun kowace riga.

Yana rikita raka'o'i idan yana salla shi kaɗai, amma a jam'i ba a gane komai.

A jam'i liman yake bi, jikinsa kuma ya san ruku'u da sujada. A gida a samu wanda zai ja shi, ko a zauna kusa ana tuna masa a hankali. Alƙur'ani ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, a Suratun Nahli aya ta 70, hadisi kuma ya tabbatar da cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Batun azumi, musamman ga mai ciwon sukari, a haɗa malami da likita.

Ni kaina na fara shakkar hankalina, ga gajiya. Laifi ne?

Wanda yake ganin abu kullum, kowa kuma yana ce masa babu, dole wata rana ya fara tambayar kansa. Littafin nan da kike rubutawa na likita ne, amma ke ma zai amfane ki a irin wannan rana. Gajiya da fushi da kukan ɓoye ba ƙarancin imani ba ne; masu jinyar wannan ciwo suna yawan kamuwa da ciwon damuwa da rashin barci. Idan an ce miki sannu da ƙoƙari, me za a taimaka da shi, kada ki ce ba komai. Ki faɗi abu takamaimai: wane ya karɓi daren Asabar, wane ya riƙa raka shi masallacin Juma'a, wane ya ɗauki kuɗin magani. Ki riƙa auna naki hawan jinin duk ranar da aka auna nasa.

Haka zai ci gaba da ɓoyewa har ƙarshe?

A'a. Wannan iyawa ta matakin farko ce da na tsakiya, kuma tana raguwa yayin da ciwon ke ci gaba, wanda yakan ɗauki shekaru. Minti ashirin ɗin zai koma goma, sannan ya fara maimaita gaisuwar da ya riga ya yi, sannan wata rana ya tambayi ƙaninsa daga ina baƙon yake. A lokacin ne waɗanda suka ƙi yarda za su zo suna cewa abin ya zo farat ɗaya, wasu ma su tambaya me ya sa ba a faɗa musu ba tun da wuri. Shafin farko na littafinki yana ɗauke da kwanan wata. Ki nuna musu, sannan ki miƙa musu jadawalin kwana da na magani, kowa ya zaɓi ranarsa.